Makaɗin Om Gumrye

Gu Pansok yana da shekara saba'in da takwas, makaɗin ganga ne a garin Gochang, kuma bai taɓa riƙe takardar shaidar kiɗa ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana zaune a tabarma a hagun mawaƙiya Om Gumrye. Ita tana tsaye da mafici a hannu tana rera pansori, waƙar gargajiya mai ba da labari guda na awa huɗu ko biyar, shi kuma ganga na gaban gwiwarsa, tafin hagu a kan fata, sanda a dama.

Rabin aikinsa jira ne. Wannan kiɗa da numfashin mawaƙi ake auna shi. In Gumrye ta ja murya sama tana karkaɗa ta, sai ya riƙe sandar har ta sauko. Muryar mai kaushi ce, da gangan ta dusar da ita tun tana budurwa, tana rerawa a gindin dutse inda ruwa ke zubowa. In ya ga ta fara gajiya, sai ya jefa mata kalmar ƙarfafa gwiwa, "olssu", tsakanin bugu biyu, ta sami abin jingina.

Kullum cikin tsiya suke.

"Yaya, yau kiɗa kake ko gyangyaɗi?"

"Ke nake jira, tsohuwa. Da hannuna na bi, da tuni mun ci shinkafa mun wanke kwano."

Bara wani kwamiti daga Seoul ya zo ɗaukar muryarta don ajiya, domin ta kai saba'in da uku, ba a sa ran za ta sake rera labarin daga farko har ƙarshe. A ranar farko mai ɗaukar sauti ya tsayar da su sau shida.

"Baba, ka yi haƙuri ka rage magana, muryarka na shiga na'ura. Kuma bugunka yana miƙewa yana tsukewa, guntayen sautin da muke ɗauka ba za su haɗu ba."

"Ita ke miƙewa, ni bin ta nake."

"A rubuce dai ba haka yake ba."

Washegari suka zo da wani malamin jami'a, ganga a cikin jakar fata. Pansok ya dubi Gumrye. Ita maficinta take kallo.

"Yaya, kwana uku ne kawai," in ji ta. "Ka je ka hutar da kafaɗar nan."

Kafaɗarsa lafiyarta ƙalau. Ya ɗaure gangarsa a zane, ya hau motar haya ya koma gida.

Faifan ya fito babu sunansa. Sau ɗaya ya saurara, a gidan ɗansa. Ya ji wuraren da numfashinta ya ƙare, ganga kuwa ta faɗi daidai a kan lokaci ta wuce ta bar ta. Ya nemi a ba shi ruwa.

Litinin ɗin da ta wuce Gumrye ta kira shi a waya, karo na farko cikin wata goma sha ɗaya. Bikin kaka ya zo, an sa ta rera rabin awa a dandalin gari.

"Yaya, malamin nan korata yake kamar ya ga akuya a gona. Ba na iya kamo shi. Asabar ce. Za ka zo?"

Pansok ya dubi tsakar gidansa.

"Barkonona na shanye, kuma an ce za a yi ruwa ranar Asabar."

"Yaya."

Ya ajiye wayar, ya sa takalmin roba, ya fita juya barkono.