Farin Abin da Baba Tsoho Ya Gani

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗana ya shigo da shinkafa daga gidan abincin Larabawa da ke ƙasan benenmu a unguwar Al-Sadd, nan Doha, an rufe ta da farar takardar nan mai ƙyalli da suke kira foyil. Matarsa ta sa hannu ta yaye, takardar ta yi ƙaras-ƙaras. Ina kicin na ji, sai na tsaya cak da ludayi a hannu. Ni dai ban yi karatu ba, aji uku na yi na bari, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya ba ya barina. Wannan ƙarar kuwa na fara jin ta ne sama da shekara arba'in baya, a zauren gidanmu, a kan ƙwaryar wata mai nono.

Da na fito falo na tarar ɗana da abokinsa injiniya sun bar shinkafar tana hucewa, suna musu a kan waya. Abokin yana nuna wani haske da aka ɗauka a sama, yana cewa tun bayan yaƙin duniya Turawa ke ganin faifai yana tashi, har matuƙa jirgi sun gani, kuma akwai masu cewa halittu ne na wata duniya ke zuwa leƙen mu. Ɗana, da yake likita ne, komai sai ya taɓa da hannu, ya ce duk ƙarya ce, masu gani idonsu ne ke da ciwo.

“Umma, raba mu,” in ji shi.

Na ce, “Ku ci abinci tukuna. Ni a gidanmu aka ga irin wannan, tun ba a haifi iyayen wayar ba.”

Labarin da na ba su shi zan ba ka.

Kakana na wajen uba, da muke kira Baba Tsoho, manomi ne kamar kowa, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Abu ɗaya gare shi da babu mai shi a garinmu, ido. Shi ke ganin jinjirin wata. Duk ranar ashirin da tara, da an idar da magariba, sai ya hau tudun bayan masallaci, dattawa su tsaya a bayansa, ya ɗaga sandarsa ya nuna. Wasu su gani, wasu su yi ta murza ido. In ya ce ya gani, liman ya tambaye shi ina ƙahonnin suka fuskanta, ya faɗa, maigari ya tashi mai keke zuwa wajen hakimi. Shekara talatin ana haka, ba a taɓa dawo da maganarsa ba. Ba a biyan shi ko goro. Amma in ya ratsa kasuwa, mahauta kan miƙe su gaishe shi, shi ke nan dukiyarsa.

Shekarar da abin ya faru, watan Rajab ya faɗo cikin bazara. Ka san lokacin, zafi har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ana sharar gonaki, ƙaurin karan da aka ƙone ya cika gari, mu yara bakinmu duk ya yi rawaya da mangwaro. Ranar nan da la'asar Baba Tsoho ya dawo daga gona ba fartanya a kafaɗa, ya manta da ita. Ya zauna a gindin rumbu, ya sha ruwa moɗa biyu, sannan ya faɗa wa Kaka, matarsa, abin da ya gani. Ina gefe ina tsince wake, don haka da kunnena na ji.

Ya ce wani farin abu ne kamar ƙatuwar ƙwarya da aka kife, yana tafiya a sama ba ƙara, ba fuka-fuki. A ƙarƙashinsa akwai igiya, a jikin igiyar wani abu mai kusurwa yana juyawa yana walƙiya kamar madubi. Ya nufi gabas, wajen fadama, yana yin ƙasa har bishiyoyi suka rufe shi.

“To mene ne?” in ji Kaka.

“Ban sani ba. Na dai gani.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ka riƙe shi. Bai ce aljani ba, bai ce mutum ba.

Da dare ya maimaita a dandali. A cikin masu saurare akwai hedimastan makarantarmu, mutum mai rediyo da son a san ya sani. Shi ya ce ai ya ji irin wannan, a ƙasar Amurka ana ganin faranti yana tashi, a ciki akwai waɗansu gajerun halittu masu manyan kai da suka zo daga taurari. Yana faɗa yana dariya. Kafin kasuwa ta sake ci, labarin ya yi ƙiba. Aka ce farantin ya sauka a gonar Baba Tsoho. Aka ce masu manyan kai sun fito sun yi masa sallama. Wata mata a bakin rijiya ta rantse wai ya ba su fura sun sha, su ne ma suka tafi da fartanyarsa. Fartanyar kuwa tana bayan ƙofarmu, babana ya ɗauko ta washegari.

Samari suka samu abin wasa. In ya wuce sai su ce, “Baba, ya baƙinka? Sun isa gida lafiya?” Sai ya yi gaba abinsa. Ni ce nake jifansu da ƙwallon mangwaro.

Da wasa ne kawai da ya wuce. Amma ranar ashirin da tara ga Rajab ya hau tudu kamar kullum, ya ɗaga sanda ya ce ga watan Sha'aban can. Babu wanda ya gani sai shi, wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne shirun da ya biyo baya. Liman ya gyara rawani, ya ce a hankali, “Malam, bari mu jira wani ya gani.” Mai keke yana tsaye da kekensa, ba a tashe shi ba.

Baba Tsoho ya sauko ya shige ɗaki. Tun daga ranar ya daina zuwa dandali, kasuwa ma sai ya aiki babana. Tuwo yana dawowa rabi. Da can in na kai masa ruwa yakan ce, “Amaryata ta zo,” in ce ni ba na son tsoho. Yanzu sai ya karɓa kawai. Wata rana na ji yana ce wa Kaka bana ba zai hau tudu ganin watan azumi ba, mutumin da ba a karɓar shaidarsa ba shi da abin yi a can.

Kaka ta ɗauke kwanon tuwon ta fito. Ita mace ce gajera mai ciwon gwiwa, in ta yi shiru a ji tsoro.

Ana saura kwana tara azumi wata Bafillatana mai nono ta yi sallama a zaurenmu. Ba ita ce mai kawo mana ba, daga wata ruga take can bayan fadama, ranar nan ciniki ne ya ƙi, sai ta shigo lungunmu. Kaka ta ce in kai ƙwarya. Matar ta ɗaga faifan da ke kan nonon, sai na ji ƙaras-ƙaras. Na san ƙarar faifai, na san ta ganye, na san ta takarda. Wannan ba ko ɗaya. Na leƙa, sai ga wani abu a ƙarƙashin faifan yana ƙyalli har ina ganin hancina a ciki. Na ƙwala wa Kaka kira.

Kaka ta fito tana ɗingishi, ta ɗauki abin ta juya shi, ta ce, “Ke ’yar Fulani, ina kika samo wannan?”

Matar ta ce mijinta ne ya tsinta a kan gawo, wata guda ke nan. Wai wani ƙaton farin danƙo ne ya fashe ya rataye a rassa, da igiya doguwa, da wannan mai ƙyallin a ɗaure a jikin ’yan sanduna. Igiyar sun ɗaure maruƙa da ita. Mai ƙyallin mata suka raba, yana hana ƙuda. Akwai kuma wani ɗan farin akwati, shi kam sun ji tsoronsa, sun bar shi a kogon bishiyar.

Kaka ta saye nonon duka, ƙwarya guda, mu da ba mu fi shan ludayi biyar ba. Sannan ta ce wa matar, “Tashi mu je.”

Tafiyar da mai lafiya ke yi, zuwa da dawowa, tun hantsi zuwa azahar, ita Kaka ta yi da gwiwar nan cikin ranar bazara, babana yana binta yana roƙon ta hau jaki tana ƙi. Ba a tafi da ni ba, na yi kuka har na gaji. Sai bayan la'asar suka dawo, babana ɗauke da buhu, mijin mai nonon yana biye da sandarsa a wuya. Ba su shigo gida ba. Kai tsaye ƙofar maigari Kaka ta nufa, lokacin dattawa sun fito daga masallaci suna zaune a kan tabarmi. Na bi su da gudu.

Ta zazzage buhun a gabansu. Ga yagaggen farin danƙo, ga igiya tana warin maruƙa, ga mai ƙyalli an tattaro daga ƙore shida, ga ɗan akwati da rubutun boko a jiki. Bafillatanin ya faɗi inda ya tsinta da ranar da ya tsinta. Kaka ta ce a kira hedimasta.

Ya zo, ya ɗauki akwatin, ya karanta a zuci, ya yi gyaran murya, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

“A'a, Malam,” in ji Kaka. “Da ƙarfi. Yadda ka ba da labarin masu manyan kai.”

Wurin ya fashe da dariya, har maigari sai da ya rufe baki da hannun riga. Hedimasta ya ɗaga murya ya ce balan-balan ce ta masu auna yanayi, daga filin jirgin sama ake sakinta ta hau ta gano ko za a yi ruwa, in ta fashe ta faɗo inda iska ta kai ta.

Aka aika a kira Baba Tsoho. Ya zo a hankali, ya tsuguna, ya haɗa ’yan sandunan da mai ƙyallin yadda ya gan su, ya ɗaga igiyar. Abin ya juya, hasken yamma ya buge shi, ya watsa walƙiya a fuskar liman.

“Haka na gani,” in ji shi.

Liman ya miƙe, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, “Malam, mun zalunce ka. Mun kama ka da maganar da ba kai ka faɗa ba. Ka yafe mana.” Ban taɓa ganin liman ya sunkuyar da kai ga kowa ba sai ranar.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban aka yi ruwan farko da azahar. Ƙasa ta yi ƙamshi, sama ta wanku, zuwa magariba yamma ta buɗe tas. Wannan karon ba shi ya je tudu shi kaɗai ba, zuwa aka yi har gida aka ɗauke shi, liman a gaba. Garin duka ya fito, har matan da ba sa fita suna leƙe ta kan katanga. Ya tsaya, ya daɗe yana duba. Sai sandar ta tashi.

Liman bai ma gama tambayar ƙahonni ba mai keke ya riga ya hau. Bayan isha'i, a rediyon hedimasta ɗin nan dai, aka sanar an ga wata, aka lissafa wuraren da aka gani, aka ambaci ƙasar hakiminmu. Kaka ta rangaɗa guɗa, ita da ko a bikin ’ya’yanta ba ta yi ba. Da sahur Baba Tsoho ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, ya dube ni ya ce, “Amaryata mai kunnen zomo.” Na ce har yanzu dai ba na son tsoho.

Da na kai nan, abokin ɗana ya ce, “To Mama, kin ga ke nan babu halittun.” Ɗana ya ce, “Khalas, shi ke nan, na ci musu.”

Na ce babu wanda ya ci. Kai ɗana ka ce idon masu gani ne ke da ciwo, haka aka ce wa kakana, kuma idonsa lafiya lau. Kai kuma injiniya ka ɗora masu manyan kai a kan hasken da ba ka san ko mene ne ba, aikin hedimasta ke nan. Ko akwai wasu bayin Allah a can sama, ni ban sani ba, wanda ya yi taurarin ya fi ni sanin abin da ya zuba a ciki. Suka koma kan shinkafarsu, sai ƙarar cokula.

Yanzu a Doha sama cike take da abubuwa masu tafiya. Jirage suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ranar biki a saki ƙananan fitilu su yi zane a kan teku, ba mai ɗaga kai ya yi salati. Watan azumi ma a waya yake tsayawa, saƙo ya shigo, kowa ya tura wa kowa. Ni ba mai fita ba ce, lif ɗin nan ma ba na ƙaunarsa. Amma duk ranar ashirin da tara sai na sa ɗana ya kai ni wajen Umm Salal, inda benaye suka ƙare gonaki suka fara, mu yi magariba a can. Yana ta “Yalla, mu tafi, Umma, za a sanar fa,” ni ina tsaye ina duban yamma. Idona bai kai na Baba Tsoho ba, sau da yawa hannu rabbana muke dawowa.

Bara kuwa na ga jinjirin watan, siriri kamar yankan farce. Na ɗaga hannu na nuna. Ɗana ya duba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, bai ga komai ba. Ya zaro waya zai bincika, sai ya dube ni, ya mayar da ita aljihu.

Ya ce, “Ina ƙahonnin suka fuskanta, Umma?”