Tsingaro a Cikin Yumɓu

Dakan tsingaro ba ya ƙara irin ta dakan dawa. Ƙas-ƙas yake yi, kamar ana taunar ƙashi. Shi nake ji ta tagar aji kowace safiya a shekarar da na fara koyarwa a Zuru, tun Turawa na nan. Daga gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane yake fitowa, can gindin dutse bayan makaranta.

Malamar gwaji ce ni a lokacin. Hedimasta, wani dogon mutumin Wasagu wanda karin wandonsa ya isa yanka albasa, shi zai rubuta ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. Tun ranar farko ya kafa mini doka: "Malama, malami ba ya cewa bai sani ba a gaban yara. Ranar da kika faɗa, allinki ya faɗi ƙasa."

Wata Laraba ina koyar da tsabtar ruwan sha, sai wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, don me ake daka fasasshiyar tukunya a zuba cikin yumɓun sabuwa?"

Hedimasta na tsaye a bakin ƙofa. Na laluba kaina. Na tarar da kogunan ƙasashen da ban taɓa gani ba, da sunayen sarakunansu a jere. Ban tarar da tukunyar da nake shan ruwa a ciki tun ina rarrafe ba.

Na ce, "Ban sani ba. Amma za mu tambaya."

A ofis bai ba ni kujera ba.

"Ki koma ki ce musu camfi ne, magana ta ƙare."

Ni ba mai musu ba ce. Ko kaza ce ta tare mini hanya, kewaye ta nake yi. Amma na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ko camfi ne ko ba camfi ba, ban sani ba. In na faɗa, na yi ƙarya." Ban kuma janye ba.

Ranar Asabar na je wurin tsohuwar. Na gaishe ta da yarenmu na Dakarci, wanda makarantar kwana ta sa ya yi mini tsatsa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Jikata, takarda ta ƙare ne kika zo cin ƙasa?"

Na faɗa mata tambayar. Ta ajiye dutsen daka.

"Innata cewa take tsohuwar tukunya ce ke koya wa sabuwa zama cikin wuta. Ban taɓa tambayarta fiye da haka ba. Naɗe farin zanen nan ki zauna, mu gani."

Muka gina ƙananan tukwane biyu, ɗaya da garin tsingaro, ɗaya yumɓu zalla. Tawa ta karkace kamar hular maye, ta yi dariya har da hawaye. Da suka bushe muka sa su cikin wutar kara. Ba a jima ba muka ji fas! Ta yumɓu zalla ta tarwatse.

Tsohuwa ta tono gutsattsarin da sanda, tana ta jujjuya su.

"Af! Ashe da gaske Inna take."

Ta tsufa tana wannan aiki, amma murnarta ta fi tawa. Ta ba ni rabin gutsattsarin, ta zuba rabi a wurin dakanta.

Na kai wa yara lafiyayyar da fasasshiyar, na ɗora a kan tebur. Na ce mun ga abin da ke faruwa, dalilinsa kuwa har yanzu ban sani ba. Da ƙarfi na faɗa, don a ji daga ofis.

An ji. Ba a sallame ni ba, amma aka ƙara mini shekara guda ta gwaji, aka tura ni wata ƙaramar makaranta wajen Danko. Na tafi da tsingarona ƙulle a gefen zane, kuma ko yau aka mayar da ni Larabar nan, amsar da na ba yarinyar ita zan sake ba ta.

Sai bayan shekaru masu yawa, a wurin wani biki a Wasagu, wata mata ta nuna mini gidan su hedimasta. Ta ce mahaifiyarsa ce babbar maginiyar tukwane a garin, kuma shi ke daka mata tsingaro har ranar da aka kai shi makaranta.