Ruwan Zafi a Kan Ɗinki

A wajen awon ciki aka gaya min ina ɗauke da cutar ƙanjamau, lokacin ciki ya riga ya tsufa. Na fara shan magani a makare, shi ya sa likita ta ce aiki za a yi min, don kada yarinyar ta ɗauka wajen fitowa. Ni da mijina kaɗai muka sani, shi kuma yana gareji a Apo tun safe har magariba.

Ranar sallama nas ta riƙe hannuna. "Ƙanwata, jikinki ba irin na kowa ba ne, garkuwarki ta yi ƙasa. Kada ki bari ɗinkin nan ya jiƙe."

Na koma gida na tarar Gwaggo, yayar babana, ta zo daga ƙauye yi min wankan jego. Har ta samo itace da ganyen darbejiya, a Abujar nan.

"Gwaggo, sun ce kar a jiƙa wurin."

"Su wa? Yaran da na girmi iyayensu? Ga maƙwabciyarku nan, da kanta ta haihu, ta sha ruwan zafi, har ta koma suyar awara. Ke da aka farke kamar buhu ai ke kika fi buƙata. Ko wani ciwo gare ki da ban sani ba?"

Ta tsaya tana kallona. Amsar tana bakina. Sai na tuna wata mata mai irin ciwona a garinmu da aka ware wa kwano da kofi har ta mutu. Na kwance zanina.

Safe da yamma take tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa min. Ina kare marata da hannu, tana ture hannun. Ba a jima ba wurin ya kumbura, ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki yarinya, na ji abu ya saki, ruwa mai ɗumi ya bi cinyata.

Aka mayar da ni asibiti. Sun bar ciwon a buɗe, kullum a wanke, a cusa auduga. Na tambayi likita yaushe zai rufe, ta ce mu dai gani.

Gwaggo tana gefen gado da yarinyar a cinya, tana gaya wa masu jinya ai wanka aka katse min shi ya sa. Ta juyo ta gyara min mayafi.

"Da an sallame ki za mu ci gaba, 'yar nan. Arba'in ba ta cika ba."

Na ce, "To, Gwaggo."