Kafaɗar Sajan

Shekara ashirin da biyu Sajan ya yi yana tuƙa motar sulke a soja, kuma duk tsawon wannan lokaci ta wani ɗan gilashi da bai fi tafin hannu ba yake ganin hanya. Direban irin wannan mota a ƙasa yake zama, ƙarfe ya kewaye shi. Mai ganin ko'ina shi ne kwamanda, wanda ke tsaye a samansa. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da ƙafa ake ba da umarni. In an taɓa kafaɗar dama ka yi dama, in ta hagu ce ka yi hagu, in an danna tsakiyar baya ka tsaya. In ba a taɓa ka ba, ka ci gaba da tafiya. Ba a waiwaye, don babu abin gani a baya.

Da ya ajiye kaki sai ya sayi wata tsohuwar mota, ya kuma samu abokin musu. Maƙwabcinsa tsohon makanikin jiragen yaƙi ne, ana ce masa Injiniya, kuma kullum bayan la'asar suna kan benci ɗaya suna tayar da jijiyar wuya. Injiniya yakan ce ba a tayar da jirgi sai an bi takarda layi-layi an duba komai, direban mota kuwa ya daki taya da ƙafa ya ce lafiya lau. Sajan yakan ce shi dai abin da in ya lalace ba ka iya tsayar da shi gefen hanya ka sauka, bai cancanci a kira shi abin hawa ba. Ba da wasa yake faɗa ba. Ya taɓa kwaso abokan aikinsa bakwai daga tarkacen jirgi mai saukar ungulu, a cikin barguna, kuma tun ranar bai sake taka matakalar jirgi ba.

Sai ido ya fara cin amanarsa. Yana ganin abin da ke gabansa sarai, gefe da gefe kuwa duhu. Wani zai tsorata, amma Sajan cewa ya yi ai haka ya saba gani. A daidai lokacin ne matarsa ta kamu da ciwon ƙoda, aka ce sau biyu a mako za a riƙa yi mata wankin ƙoda a asibitin da ke ɗaya gefen gari. Sai ta zama kwamandansa. Takan zauna daidai bayansa, ta duba masa babura da masu tsallaka titi, ta taɓa kafaɗarsa in lokacin juyawa ya yi. Wata takwas suka yi haka ko fenti bai goge ba, kuma ya fi alfahari da wannan a kan lambobin yabonsa.

'Yarsu, malamar makaranta, ba ta ga abin alfahari ba. Likita ya ce akwai asibitin da ya fi wannan, tafiyar awa ɗaya a jirgi, Sajan ya ce ba da matarsa ba. 'Yar ta ce to a samo direba, ya ce yaran yanzu da waya a kunne suke tuƙi.

"Baba, don girman Allah ka ba ni makullin nan," in ji ta. "Ba ka ganin gefenka."

"Uwarki na gani," ya ce.

Yarinyar ta fi shi gaskiya, kowa ya sani, har Injiniya ya faɗa masa. Amma taurin kan Sajan ya girmi motar.

Wata Talata da azahar matar ta fito daga wanki tana cewa kanta na juyawa. Ma'aikaciyar jinya ta ce ta ɗan kwanta tukuna, ita kuwa ta ce gida take so. A kwanar farko ta taɓa shi, ya yi dama. Da suka iso shataletalen da suke yin hagu, bai ji hannunta ba. Ya san hanyar gidansa, ba wai bai sani ba. Amma ta sha sauya masa hanya in ta hango cunkoso, don haka ya ce a ransa ta ga abin da bai gani ba, ya miƙe. Ya wuce kasuwa, ya tsallake layin dogo, gidaje suka fara ƙarewa. Bai yi magana ba, don ba sa magana in yana tuƙi. Madubi kuwa bai taɓa zama abokinsa ba.

Shingen ƙofar filin jirgin sama ne ya tsayar da shi. Mai gadi ya sunkuyo ya leƙa kujerar baya, ya tambaye shi ko matar nan lafiya take. Sai a lokacin Sajan ya waiwaya. Kanta na jingine da gilashi, bakinta a buɗe, hannunta a kan cinya. Tana numfashi, amma da ƙyar.

Mai gadin ne ya karɓi tuƙin ya mayar da su asibiti, tafiyar minti arba'in. Ba ta kai la'asar ba. Likita ya ce jininta ne ya faɗi bayan wankin, abin da sukan iya tarewa in an kawo mutum da wuri. Yana riƙe da biro, 'yar na tsaye a gefe, ya tambayi Sajan tun yaushe matarsa ta yi shiru.



"Ban sani ba, likita," in ji Sajan. "Ba ta taɓa ni ba, sai na ci gaba."