Motar Waliyyu da Tudun Kashin Zama

Shagona na facin taya yana jikin garejin Waliyyu a Jega, saboda haka duk haukan da ya yi a kan motar nan a kunnena ya yi shi. Mai walda ne, ɗan Kashin Zama ta ƙasar Aliero, siriri, marar yawan magana. Ƙofofi da tagogi yake ƙerawa ya ci abinci, amma tun ranar da ya ga motocin tsere a wayar wani direba hankalinsa ya koma can. Ya ce sai ya yi irinsu da hannunsa.

Mun yi masa dariya har da riƙe ciki. Bai kula mu ba. Ya samo injin wata tsohuwar mota da ta yi hatsari, ya riƙa tsintar bututu da fallen ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, yana yanka yana liƙawa duk lokacin da aiki ya yi sauƙi. Shekaru aka yi ana haka. Ranar da ya yaye tamfol ɗin da yake rufe ta da shi, dariyarmu ta ƙare. Ja ce wur, kujera biyu, da dogon hanci mai faɗin leɓe wanda ya kusa lasar ƙasa. Na tsuguna na tura dunƙulen hannuna ƙarƙashinta, da ƙyar ya shiga.

Wannan kwanciya da ta yi a ƙasa ita ce kyanta, ita ce kuma masifarta. Fitarta ta farko, ranar kasuwa, ta bar salansa, wato bututun hayaƙinta, a kan kwalbati, masu buhunan gero suna ta shewa. Ni da nake ganin na san taya na ba shi shawara ya sa mata manya ya ɗaga ta. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce in ya ɗaga ta ai ta zama motar kowa.

Sai ya zauna ya koyi zama da ita a yadda take. Ya mayar da salansa ta gefe, ya liƙa farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin injin don kada dutse ya huda wurin baƙin mai. Tudun da ake yi a kan titi don rage gudun motoci, ya gano ba a tunkararsa kai tsaye. A karkace yake hawa, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar tsohuwa mai tsallake kwata. Inda karkacewa ba ta isa ba, yana da katako biyu ɗaure a baya, ya shimfiɗa ya hau ya sauko ya kwashe. Kafin ya kai ta ko'ina sai ya fara bin hanyar a mashin yana duba ramuka. Da haka ya kai ta har Maiyama ya dawo ba ko ƙwarzane, kuma gaskiya daga ranar na daina tsokanarsa a gaban mutane.

Wuri ɗaya ne bai kai ta ba, garinsu. Mahaifiyarsa, Inna Gudiya, labarin motar kawai take ji, kuma yanar ido tana cinye mata gani. Bayan an kwashe albasa, yayarsa Ramatu ta kira shi ta ce in yana son Inna ta ga abin da ya ɓata shekaru a kai, to ya zo yanzu, don launi kawai take iya bambantawa, shi ma sai a cikin rana. Ga damina ta matso, in ruwa ya sauka hanyar ƙauyen ba ta biyuwa ga irin wannan mota. Bai tsaya duba hanya ba, abin da bai taɓa yi ba. Da safe ya ce in shiga mu tafi.

Na shiga, gwiwoyina a haɓata, kwalta tana gudu dab da ɗuwawuna. Mun wuce tudu bayan tudu lafiya, sai a bakin Kashin Zama muka tarar da wanda ya fi ƙarfinmu. Mutanen gari ne suka yi shi da jar ƙasa, da guntun itace a cikinsa, bayan wata motar albasa ta buge 'yar wani manomi, Malam Ummaru, yarinyar ta rasu. Tun daga lokacin kowace shekara ƙara masa ƙasa suke yi. Hagu da dama rami ne, babu wurin karkacewa. Muka shimfiɗa katako, ya yi gajere, hancin ya soki ƙasa tun tayoyin ba su fara hawa ba. Maza suka taru za su ɗaga ta, fallen ya fara lanƙwashewa a hannunsu, Waliyyu ya ce a ajiye.

Nan Hafizu, abokinsa na ƙuruciya, ya aika aka kawo diga da shebur.

"Gehe ɗai za mu sara ka wuce," in ji shi, "mu maida ƙasa yanzun nan."

Kowa ya ce haka ne, har da ni. Malam Ummaru yana tsaye a bayan mutane da kwandonsa. Waliyyu ya dubi tudun, ya daɗe.

"Ba ta komawa yadda take," ya ce. "In anka sara, gobe 'yan mashin su maishe shi hanya, ruwa shi zo shi wanke saura. Ku aje digar ga."

Na ce to a kwance hancin mana. A nan halin masu walda ya kama shi. Waliyyu bai yarda da noti ba, komai liƙe shi yake yi, hancin da jikin motar abu ɗaya ne. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko zarto. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan hancin shi ne motar, wata nawa ka yi kana bugunsa. Ya durƙusa a cikin rana yana yanka, gumi yana ɗiga a kan jan fenti, har hancin ya faɗi. Motar ta hau katako, cikinta ya goge ƙasa da ƙara mai ciwo, ta sauka ɗaya gefen kamar akuya mai yankakken baki.

A ƙofar gida Ramatu ta fito da Inna Gudiya cikin rana. Tsohuwar ta ƙanƙance ido ta ce lallai tana ganin ja. Ta sunkuya tana shafa motar tun daga baya, a hankali, har hannunta ya kai inda aka yanke.

"Mi ya samu bakinta?"

Waliyyu ya ce shi ya yanke shi a bakin gari. Ta ɗago.

"Tudun hwa?"

"Shina nan, Inna. Ba a taɓa shi ba."

Ta mayar da hannunta kan ƙarfen mai kaifi ta bar shi a wurin, ta ce Allah ya yi masa albarka, motar ta yi kyau. Ni kuwa kunya da ƙaunar mutumin nan suka cika ni, har na kasa duban kowa.

Muna nan tsaye sai ga Malam Ummaru tafe daga bakin gari, ya bar kwandonsa can, ya ɗoro jan hancin a kansa. Ya sauke shi a hankali kusa da taya don kada fentin ya goge, ya riƙe hannun Waliyyu da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.