Shayin da ya zube a jirgin Yaya

Yayana matuƙin jirgin sama ne, kuma mahaifinmu, Baffa, bai taɓa son aikin ba, haƙuri kawai ya yi. Mutumin da ya tashi a bayan shanu, sai da girma ya zo ya zauna a Potiskum yana dillanci a kasuwar shanu, ina shi ina abin da ba ya taka ƙasa? Kullum cewa yake, "Mota in ta mace a tura ta. Jirgi fa?"

Wajen ƙarshen shekarun casa'in abin ya kai maƙura. Wani abokin Baffa, falke mai kai shanu Kudu, ya dawo daga Legas ta jirgin Maiduguri, ashe Yaya ne ke tuƙi. Kafin ya gama hutawa labari ya gama kasuwa: suna can sama lafiya lau ana raba shayi, sai ɗan gidan Baffa ya saki jirgi ya yo ƙasa, har shayi ya ɓata masa babbar riga. A bakinsa na farko jirgin ɗan sunkuyawa ya yi. Kafin zancen ya iso zaurenmu, sun kusa shafar kan bishiyoyi.

Baffa ya aika wa Yaya ya zo. Lokacin ina gida wankan jego, Inna ta raɗa mini cewa niyyarsa ya hana shi komawa aikin. Gabana ya faɗi, don na san Yaya. In Baffa ya ce bari, zai bari, ko da baƙin ciki zai kashe shi.

Bayan la'asar suka zauna a zaure. Na kai musu fura, na tsaya a bakin ƙofa ina gyara goyon da ba abin da ya same shi.

"An ce ka kusa hallaka bayin Allah," in ji Baffa. "Gyangyaɗi ka yi?"

"A'a, Baffa. Wani jirgi ne ya nufo mu, tsayinmu ɗaya."

Yaya ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya yi bayani a hankali. Akwai wata na'ura a gabansu da ke jin duk jirgin da ya matso. Da farko takan ce a lura. In abin ya yi kusa sai ta yi magana da jirgin can, su raba hanya tsakaninsu, ta ce wa wannan sauka, waccan ta ce wa wancan hau. Tasa ta ce ya sauka. Ya karɓi tuƙin da hannunsa, ya sunkuyar da jirgin daidai yadda ta nuna, bai ƙara ba bai rage ba. Mataimakinsa ya sanar da masu ba da hanya a ƙasa. Da na'urar ta ce an wuce, suka koma inda suke.

Yadda ya faɗe shi kamar mai ba da labarin zuwa cefane, shi ya fi burge ni. Ni da ƙadangare ke sa ni yar da tire.

"Ka ga jirgin da idonka?"

"Ban gan shi ba, akwai gajimare."

"Ba ka gani ba, ka kauce?"

"In na tsaya sai na gani, Baffa, lokaci ya wuce."

A kasuwa, in bijimi ya tsinke igiya aka ce a kauce, Baffa ya san wanda ake ɗauka a kai asibiti: mai waiwayen ya ga ko gaskiya ne. Shi da kansa ya faɗi haka, kamar da ƙwaryar fura yake magana. Na ɗauka an gama, ashe da saura.

"To wancan na cikin ɗaya jirgin, in aka ce ya hau, shi kuma ya ga dama ya sauka?"

"Da mun haɗu."

"Ka san shi?"

"Ban san shi ba. Ko muryarsa ban riƙe ba."

"Ka ɗora ranka da na mutane a kan wanda ba ka san ubansa ba?"

"Shi ma nawa uban bai sani ba, Baffa. Ya hau."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baffa ba sai ranar, kuma a nan na gane duk faɗan nan na shekaru tsoro ne. Na tabbata yanzu zai yanke hukuncin. Yaya ma ya sunkuyar da kai yana jira, bai roƙa ba.

Baffa ya daɗe yana juya furar. Can ya ɗago.

"Yaushe za ka koma?"

"Jibi, in ka yarda."

"To in ka koma ka bincika mini ko wane ne. Ka ce masa wani tsoho a Potiskum yana gaishe shi, ya gode."