Wasiƙa ta Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Borghild ta yi tana gyaran kifi a rumfar bakin ruwa ta tsibirinsu, a Lofoten. Ba mai yawan magana ba ce. Amma kowace Lahadi in an taso daga coci, sai ta share teburin kicin ta rubuta wa babban ɗanta Torleif wasiƙa. Makanike ne a jirgin dakon kaya, yakan yi wata goma bai taka gida ba.

Kamar kowace uwa mai ɗa a teku, takan sa wa wasiƙunta lamba a kusurwar ambulan. Wasiƙu kan jira jirgi a tashoshi daban-daban, uku su iso tare, ɗaya ta makara. Da lambar Torleif ke gane wadda zai fara buɗewa.

Labaran ba su wuce na gida ba: tunkiya ta haifi tagwaye, iska ta yaye rufin rumfa, haƙorin babansa ya sake tashi. Ƙanensa Eivind kan ƙara layi ɗaya a ƙasa, kullum tsokana: "Har yanzu kana amai in teku ta motsa?"

A watan Fabrairu, ana tsakiyar kakar kifi, kwalekwalen da Eivind ke aiki a ciki ya kife. Bayan kwana uku aka sami gawarsa. Shekararsa ashirin da biyu. Fasto ya ce zai aika saƙo a sanar da Torleif a tasha ta gaba. Borghild ta ce, "Ni na haife su. Ni zan gaya masa."

Ta kuwa rubuta, wasiƙa ta goma sha huɗu. Ta liƙe, ta manna kan sarki, sannan ta tura ta ƙarƙashin zannuwa a durowa. Lahadi ta zagayo, ta zauna ta rubuta goma sha biyar a kan sabon ambulan, ta ba da labarin ƙanƙara da tumaki. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, suna ɗaya kawai ta tsallake. Haka ta goma sha shida, haka na bayanta.

A Afrilu amsa ta zo. Mijinta Arnfinn ne ya karanta a fili, suna shan kofi.

"Mama, ta sha biyar da ta sha shida sun same ni a tashar Santos. Ta sha huɗu shiru, na dami wakilin kamfani har yana gudu na. Me ke cikinta? In labarin tunkiya ne, na yafe. Ki tambayi malalacin nan Eivind, hannunsa ne ya karye?"

Arnfinn ya ajiye takardar a hankali.

"Borghild, yaron nan bai sani ba?"

"Bai sani ba."

"Wata biyu, baiwar Allah! Ni ina nan ina cewa baƙin ciki ne ya hana shi rubutu."

"A wurinsa kaɗai Eivind ke da rai," in ji ta. "In na zauna rubuta masa, 'ya'yana biyu ne."

"Shi fa? Yana can yana tsokanar mamaci. Ran da ya ji, duk kalmar da ya rubuta sai ta dawo masa."

Wannan kam bai taɓa zo mata a rai ba. Ta daɗe tana kallon rubutun Torleif, yadda ya ja layi a ƙarƙashin "malalacin".

Ta tashi ta ɗauko wasiƙar. Ba ta buɗe ba, ba ta sake ko harafi ba. A bayan ambulan ta rubuta: "Ba ɓacewa ta yi ba, ni na riƙe ta. Babanka bai sani ba."

Arnfinn ya miƙa hannu. "Kawo in kai."

"A'a."

Ta sa rigar sanyi ta gangara gidan waya, don jirgin wasiƙu ƙarfe huɗu yake tashi. Ta tsaya a bakin ruwa har ta ga an loda buhun wasiƙun. Wasiƙar sai ta yi mako uku a hanya kafin ta isa hannun Torleif.